Shekara Tara Ina Biya, Rana Ɗaya Aka Rufe Mini Ƙofa

Assalamu alaikum Anti. Sana'ata zane da tsara takardu a kwamfuta: tambarin kamfani, bangon littafi, katin gayyata da makamantansu. Shekara tara ke nan ina biyan kuɗin manhajar da nake aiki da ita duk wata, ban taɓa fashi ba. Bana na haihu, haihuwar ta zo da wahala, na yi wata huɗu ban taɓa aiki ba, amma cirar kuɗi ba ta tsaya ba. Da na je in soke, sai aka ce alkawarin shekara guda na ɗauka, in zan fita sai na biya tara. Haushi ya sa na bar katin babu ko sisi. Yanzu manhajar ta kulle, ayyukana suna cikin kwamfutata ina kallonsu amma ba sa buɗuwa, ga wani tsohon abokin ciniki yana ta kira in gyara masa aikinsa. Wurin da nake ajiyar hotuna a intanet shi ma ya ce na wuce iyaka, kuma hotunan marigayiya mahaifiyata duk suna can.

Maigidana ya zauna ya ƙirga, ya tarar abu goma sha ɗaya ake cirar mana kuɗinsu duk wata, daga na finafinai, na waƙoƙi, na karatun yara, na ajiya, har da na ƙwallon da yake kallo. Ya ce a soke duka, abin da ba za a saya a mallaka ba a haƙura da shi, wai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na ce masa ba haka duniya take ba yanzu. Kwana uku ke nan magana sama-sama muke yi. Wata ƙawata kuma ta ce in sauke manhajar ta sata in huta. Abin da ya fi ci mini rai, Anti, littattafan da mahaifina ya saya tun kafin a haife ni har yau ana karanta su, ni kuwa shekara tara ina biya ba ni da ko allura. Ni ce na yi wauta, ko shi ne bai gane zamani ba?

Mai jego cikin damuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da sauka lafiya. Allah ya raya, ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya jiƙan Mama.

Shari'arki da maigida za ta iya jira. Hotunan Mama ne ba za su jira ba. Manhaja in an sake biya za ta buɗe, fim in ya wuce wani zai zo, amma hoton wanda ya riga mu gidan gaskiya in ya ɓace babu inda za a sake ɗaukarsa. Don haka yau ɗin nan, ko da jaririn na goye a bayanki, ki fara sauke su. Yawancin manyan kamfanonin ajiya ba sa goge kayan mutum a ranar da ya daina biya. Sukan fara ne da hana shi ƙara sabo, su bar shi ya kwashe tsohon. Google, alal misali, gigabait 15 yake ba kowa kyauta, kuma ƙa'idarsa da ta fara aiki a 2021 ta ce wanda ya shafe shekara biyu a sama da iyakarsa za a iya goge masa kaya. Tun kafin a kai nan ma saƙonnin imel kan daina shiga, domin hotuna da wasiƙu da fayiloli duk rumbu ɗaya suke ci. Apple gigabait 5 yake bayarwa. Kowane kamfani da nasa wa'adin, na wasu gajere ne, saboda haka kada ki auna naki da na Google, ki duba nasu. In kuwa Google ɗin ne, akwai shafin da suke kira Google Takeout, inda za ki nemi a ɗaure miki kayanki duka a ƙunshi ɗaya ki sauke.

Ki kiyayi tarko ɗaya da ya ci mutane da yawa. Idan wayarki tana haɗe da rumbun, kika goge hoto a cikin manhajar hotunan don ki sami wuri, can ma zai goge. Kada ki share komai sai kin buɗe abin da kika sauke kin ga idon Mama da idonki. Daga nan ki kwafe su wuri biyu, kwamfutarki da wata ma'ajiyar hannu irin wadda ake soka wa kwamfuta, ki kai ta biyun gidan wani ɗan'uwa. Masu harkar kwamfuta suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ni kuma na ƙara miki tawa: ki zaɓi guda ashirin da suka fi taɓa miki zuciya, ki kai a wanke su a takarda. Ranar da yaron nan zai tambaye ki kamannin kakarsa, ba sai kin tuna kalmar sirri ba.

To, batun wauta. Ba ki yi wauta ba. Kin shigo kasuwar ne bayan an kwashe rumfunan sayarwa an bar na haya. A da, manhaja a kwali take zuwa da faifanta, ka biya sau ɗaya, ka yi ta aiki da ita har kwamfutarka ta tsufa. Kamfanin Salesforce, wanda aka kafa a 1999, yana cikin na farko da suka nuna cewa ana iya ba da manhaja haya ta intanet a ci riba. Netflix ya fara nuna finafinai kai tsaye ta intanet a 2007, Spotify na sauraren waƙoƙi ya buɗe a 2008. A ɓangaren sana'arku kuwa, girgizar ta zo ne a watan Mayun 2013, lokacin da Adobe ya sanar cewa ba zai ƙara fitar da sababbin manhajojinsa na zane don sayarwa ba. CS6 ta 2012 ita ce ta ƙarshe, daga nan sai biyan wata-wata. A shekarar ne kuma Microsoft ya kawo wa masu amfani a gida Office, manhajarsa ta rubutu da lissafi, a tsarin haya. Ki lissafa shekarunki tara, za ki ga kin fara sana'a ne lokacin da zaɓin ya riga ya ƙuntata.

Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin da ke sayarwa sau ɗaya sai ya jira shekara ɗaya ko biyu, ya fito da sabon samfuri, ya yi ta lallashin mutane su saya, da yawansu kuma su ce tsohon ya ishe su. Mai ba da haya ba shi da wannan ciwon kan. Ya san abin da zai shigo masa a watan gobe da na jibi, masu zuba jari kuma babu abin da suke so irin kuɗin da ake iya hangowa tun daga nesa. Sai riba ta biyu, wadda ba a rubuta ta a talla: mantuwa. Wanda zai sayi abu sai ya yanke shawara ya sa hannu a aljihu. Wanda ke haya kuwa sai ya yanke shawara kafin ya daina. Kasala da shagala da rashin lafiya duk sun koma suna yi wa kamfani aiki, kamar yadda watanninki huɗu na kwanciya suka yi masa.

Daɗin abin ya sa wasu suka wuce gona da iri. A 2022 kamfanin motoci na BMW ya fara karɓar kuɗin wata a wasu ƙasashe kafin kujerar mota ta ɗumama, alhali na'urar ɗumamar tana cikin motar da mutum ya riga ya saya. Surutu ya yi yawa, a 2023 ya janye. HP yana da tsarin tawadar firinta na wata-wata, wanda in ka soke shi, tawadar da suka aiko maka za ta daina aiki ko da kwalbar a cike take. A 2022 masu zane irinki sun buɗe wasu tsofaffin ayyukansu a manhajojin Adobe suka tarar launukan kamfanin Pantone da suka zuba sun koma baƙi ƙirin, sai an biya wani kuɗi daban. Launi fa!

Amma in zan yi adalci, haya ba zalunci ce zalla ba. Kwalin nan na da yana da tsadar da sabon shiga ba ya iya taɓawa. Ina kyautata zaton ranar da kika fara, da an ce ki biya kuɗinsa duka a dunƙule, da ba ki fara ba. Biyan wata-wata ne ya buɗe miki ƙofar da kika ci abinci ta cikinta shekara tara, ana gyara miki manhajar, ana toshe ɓarakar da ɓarayin intanet ke bi. Kin biya, kin kuma samu. Abin da ba a gaya miki da babbar murya ba shi ne wanda ya buɗe ƙofar shi ke riƙe da mabuɗin.

Yanzu ga maigida. Na ba shi gaskiya a kan ƙirgar da ya yi, kuma ki yi masa godiya a kanta, domin gidaje da yawa ba su san adadin bakunan da ke tsotsar asusunsu ba. Kowanne ɗan ƙarami ne, shi ya sa ba a jin zafinsa, sai an tara su an ninka sau goma sha biyu sannan ido ke raina fata. Inda na rabu da shi shi ne gatarin. Karin maganar gaskiya ce, amma ta zamanin da in ka sayi gatari ka kai shi gida, maƙeri ba shi da hanyar shigowa da dare ya cire masa ƙota. A duniyar intanet yana da ita. A 2009 Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle na mutanen da suka sayi wasu littattafan George Orwell, ya goge su, ya mayar musu da kuɗinsu, saboda ya gano wanda ya sa littattafan a kasuwar ba shi da izini. Ɗaya daga cikinsu shi ne 1984, littafin da ke magana a kan hukumar da ke share abin da ba ta so a gani, sai abin ya zama abin dariya da ban tsoro lokaci guda. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, duk littafin da aka saya a wurinsa ya daina buɗuwa, aka biya mutane. A 2024 Ubisoft ya kashe na'urorin da ke riƙe da wasan tseren motoci mai suna The Crew, wanda ya fito a 2014, har wanda ya saye shi a faifai ya wayi gari da abin da ba ya aiki. Duk waɗannan mutanen maɓallin "saya" suka danna. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, cewa shagon intanet ba zai rubuta "saya" ba alhali izinin amfani kawai yake bayarwa, sai ya fito fili ya faɗa.

Ko mai biya a kan kari ma bai tsira ba. A 2019 Adobe ya sanar da masu amfani da shi a Benezuwela cewa zai rufe musu asusu saboda takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar. Daga baya ya sami izini ya fasa, amma masu zane a can sun kwana sun san cewa sana'arsu tana rataye da rigimar da ba su da hannu a ciki.

Ke nan rigimar "saya ko haya" da kuke yi ta kauce wa ainihin wurin. Tambayar da nake so ku riƙa yi wa kowane abu ita ce: in kamfanin nan ya mutu gobe, ko intanet ta ɗauke, me zai rage a hannuna? Littattafan Baba sun ci wannan jarrabawar, shi ya sa suke ba ki sha'awa. Waƙoƙin da kika sauke a manhajar haya ba su ci ba, ranar da kika daina biya za su yi shiru. Kuma wannan ba wani abin baƙin ciki ba ne, domin ba ajiyarsu kika yi niyya ba, saurare kike so, kin kuma saurara. Fim ɗin da za a kalla sau ɗaya, me za a yi da mallakarsa? Nishaɗi ki yi hayarsa hankali kwance, ki sake shi ranar da kika ga dama.

Abin da bai kamata ya taɓa shiga hannun mai haya ba shi ne abin da ke kika yi: hotunanki, rubuce-rubucenki, zanen da kika ɓata dare a kansa. A nan ne aka cuce ki, kuma a nan ne ke ma kika yi sakaci kaɗan, zan faɗa miki tun da ƙanwata ce ke. Kin yi hayar kayan aiki, wannan daidai ne. Amma kin bar ayyukanki a sigar da manhaja ɗaya tak ke iya buɗewa, sai hayar ta rikiɗe ta zama jingina, aikinki ne kuma aka riƙe. Tela na iya hayar keken ɗinki, amma ba ya barin rigunan da ya ɗinka a ɗakin mai keken. Daga yau, duk aikin da kika gama ki fitar da shi a sigogin da kowace manhaja ke karantawa: PDF na bugawa, SVG na tambari da duk zanen da ake faɗaɗawa, PNG ko TIFF na hoto. Ki ajiye su tare da ainihin fayil ɗin, da rubutun aikin a fayil daban, da sunayen haruffan da kika yi amfani da su. Minti biyar ne a ƙarshen kowane aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ke tafiyar ta riga ta same ki, don haka sai a yi fafen gaggawa.

Ga yadda nake ganin za ki yi shi. Da farko ki san cewa barin kati babu kuɗi ba sokewa ba ne. A wurinsu har yanzu kina cikin alkawari, za su yi ta gwada katin, ranar da kuɗi ya shiga su cira. Goge manhaja daga waya ma ba sokewa ba ne. In ta shagon manhajojin wayarki kika yi rajista, can za ki shiga ki soke. Ki rubuta wa sashen kula da abokan cinikinsu, a rubuce ba ta kira ba, don ki sami shaida. Ki gaya musu shekara tara kina biya, kin yi rashin lafiya, kina neman a yafe miki tarar ko a mayar da ke tsarin da ake fita kowane wata. Ban yi miki alkawarin za su yarda ba, amma kamfani ya fi son ya riƙe tsohon abokin ciniki da ragi a kan ya rasa shi, kuma sau da yawa ragin ba ya fitowa sai an ga da gaske kike za ki tafi. In kun daidaita, ki ajiye saƙon tabbacin.

Tarar nan kuwa ba ke kaɗai ta ba mamaki ba. Ba ki ambaci sunan kamfaninki ba, ni ma ba zan yi hasashe ba, amma tsarin "alkawarin shekara, biya wata-wata" ya yaɗu, kuma ya kai ga kotu. A watan Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta maka Adobe a kotu bisa zargin ɓoye tarar fita a irin wannan tsarin, wadda ta kai rabin kuɗin watannin da suka rage. Kamfanin ya musanta. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta kai Amazon ƙara kan zargin shigar da mutane tsarinsa na biyan wata-wata mai suna Prime ba da cikakken saninsu ba da kuma wahalar da su wajen fita, a 2025 aka sasanta a kan dala biliyan 2.5 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Na kawo miki wannan ne don ki daina zargin kanki da rashin karanta ƙananan rubutu. An ƙanƙanta shi ne don kada a karanta. Amma nan gaba, duk inda kika ga farashi biyu na wata, ɗaya ya fi araha, ki san mai arahar igiya ce ta shekara.

Da zarar manhajar ta buɗe, ki ɗauki watan a matsayin watan kwashe kaya. Ki yi aikin tsohon abokin cinikin nan, sauran kwanakin kuma ki bi ayyukan shekara tara ki fitar da su ɗaya bayan ɗaya, ki fara da na abokan cinikin da kika san za su dawo. In watan ya ƙare, ko kin ci gaba da biya ko kin daina, ke ce da zaɓi, ba a maƙure kike ba.

Sannan sai lissafi na sana'a, ba na zuciya ba. In akwai manhajar da ake sayarwa sau ɗaya da za ta yi miki aikin, ki raba kuɗinta da kuɗin hayar wata. Abin da ya fito shi ne yawan watannin da za ta biya kanta. In ya fito wata ashirin, ke kuma kin san za ki yi shekara biyar da ita, saye ya fi. In aikin na wata biyu ne, haya ta fi. Har yanzu ana samun na sayarwar. Microsoft ma bai daina ba, yana da Office 2024 da ake biya sau ɗaya, sai dai ba shi yake turawa gaba a talla ba. Akwai kuma na kyauta, halal ɗinsu, waɗanda masu sa kai ke ginawa: LibreOffice na rubutu da lissafi, GIMP na gyaran hoto, Inkscape na tambari, Krita na zanen hannu, Scribus na tsara littafi. Ba zan yaudare ki ba, hannun da ya saba shekara tara da wuri ɗaya zai yi ta laluben maɓalli, kuma wasu masu buga takardu da abokan ciniki sun saba da siga ɗaya. Kada ki sauya ana tsakiyar aiki. Ki gwada ɗaya da ƙaramin aiki lokacin da jariri ke barci. In ta yi, kin huta. In ba ta yi ba, ki koma ki biya da sanin cewa kin gwada, kuma kuɗin ya fito daga jikin aikin: kowane aiki ki ɗora masa kasonsa na haya, ki ware kati daban na sana'a, kada kuɗin cefane ya ƙara biya wa manhaja. Wannan kaɗai zai kashe rabin rigimar gidanku.

Shawarar ƙawarki, a'a. Bar ma batun haƙƙi, wanda shi kaɗai ya isa. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja ya saka ta a intanet kyauta ba don Allah ya yi ba, kuma irin waɗannan fayilolin suna cikin sanannun hanyoyin da ake cusa wa kwamfuta abin satar kalmomin sirri, ko abin da zai kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa. A kwamfutar da kike shiga banki da ita, mai ɗauke da amanar ayyukan mutane, za ki buɗe wa baƙon da ba ki sani ba? Kin gudu daga mai haya mai takarda da adireshi, kin faɗa hannun wanda ba shi da ko suna.

Sauran goman ba sa buƙatar dogon bayani. Ku zauna da takardar da ya rubuta, kowane abu a tambayi wa ya buɗe shi a cikin kwana talatin da suka wuce. Wanda ba a buɗe ba ya tafi a daren. Na finafinai a riƙa yin ɗaya a lokaci guda, in an gama abin da ake kallo a soke a koma wani. Duk gwajin kyauta da aka nemi lambar kati, a sa wa waya ƙararrawa kwana biyu kafin ya ƙare. Na lura dai a cikin sha ɗayan har da ƙwallo, kuma ban san inda ake sayen wasan mako mai zuwa a mallaka ba. Kada ki yi masa gori da shi. Ki bar shi ya iso layin da kansa, ki ga yadda guntun gatari zai yi laushi. In ya ce ƙwallon ya zauna, ki ce to, domin yana kallonsa, kuma ma'aunin ke nan da kike so a yi wa manhajarki.

Ina jin ma ba kuɗin ne kaɗai ya tayar masa da hankali ba. Mutum ya ga matarsa ta sha wuya, wata huɗu babu shigowa, ga sabon baki a gida, sai ya tarar ana ta zarar kuɗi ta ƙofofin da bai san da su ba. Tsoro ne ya fito da rigar faɗa. Ke kuma da ya ce a soke duka, sai kika ji kamar sana'arki ya raina. Ki fara da cewa ya yi daidai da ya ƙirga, sannan ki nuna masa abin da manhajar ta shigo da shi a shekarar da kike da lafiya kusa da abin da ta ci. Lambobi biyun nan za su yi miki maganar da kwana uku na shiru ba su yi ba.

Na dawo kan allurar da kika ce ba ki da ita, domin na ji ciwon da ke cikin maganar. Baba ma ya biya abubuwan da ba su bar masa komai ba, wuta da ruwa da jaridar da aka karanta aka yar. Littattafan ne kawai suka rage, shi ya sa kike ganin kamar duk abin da ya biya ya zauna. Ke kuma hannun da ya iya zane naki ne, mutanen da ke kiranki bayan wata huɗu naki ne, ayyukan ma naki ne da zarar kin kwato su. Amma akwai gaskiya a tsoronki, kuma tun da yanzu kina da mai gado sabo, ki san wannan: yawancin abin da ake "saya" a intanet izini ne da aka ba mutum shi kaɗai, ba ya cikin abin da ake gada. Littafin da kike so ɗanki ya tarar, ki saye shi a takarda. Asusun da hotunanku ke ciki kuma ki yi masa wasiyya tun yanzu. Google yana da wurin da ake sa sunan wanda za a miƙa wa kaya in asusu ya daɗe ba a taɓa shi ba, Apple ma ya kawo irinsa a 2021. Ke da maigida ku sa sunan juna.

Abokin cinikin nan kuwa, ki kira shi gobe da safe kafin ya nemi wani. Ki ce masa kin haihu, aikinsa zai fito cikin mako guda, kuma kuɗin gyara ya ɗan ƙaru.